Ranar da Na Ba Farfesa Tunanina

Shekara huɗu na yi ina aiki a wani ɗakin gwaje-gwaje a Manhattan, can ƙasar waje, kafin in san ana iya mallakar tunani a takarda, kamar yadda ake mallakar gona. Ni ƙaramar ma'aikaciya ce a wurin. Kullum da safe in hau jirgin ƙasa daga unguwarmu ta Flatbush, in sa farar riga, in leƙa kwalabena in ga ko ƙwayoyin halittar da nake reno sun kwana lafiya.

Abin da muke ƙerawa ana ce masa antibodi. Jikin mutum yana yin nasa don kama cuta, namu kuwa hannu biyu muka yi masa: ɗaya ya cafke ƙwayar sankarar jini, ɗaya ya jawo ƙwayar garkuwar jiki ta zo ta kashe ta. Matsalar ita ce hannu na biyu ya cika riƙo, sai garkuwar ta harzuƙa ta yi ɓarna fiye da gyara. Ni kuwa da shegen son tambaya, wata rana na ce a raina, me zai hana a sassauta riƙon ta wani gefe da ba wanda ya taɓa? Na rubuta a littafin aikina, na gwada, abu ya yi.

Bayan wasu watanni aka turo mana wata lauya don a nemi takardar haƙƙin mallaka. Matar ta burge ni. Ba ta taɓa riƙe kwalbar gwaji ba, amma tambayoyinta sun fi na malamanmu kaifi. Ta ce takardar ba ta damu da wanda ya sha wahala ba, wanda tunanin ya fara zuwa kansa take nema. Na yi ta mamakin wannan doka. Ta yaya za a san kan da tunani ya fara sauka?

Muna zaune mu biyar, da farfesan da ke shugabantarmu, dattijo mai haƙuri wanda shi ya ɗauke ni aiki. Lauya ta dube ni ta ce, "Wa ya fara kawo shawarar sassauta hannun nan?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Farfesa ne. Duk abin da muka yi, shi ya nuna mana hanya."

A gidanmu haka ake yi. Yaro ya ba babba yabo, babba ya yi dariya ya mayar masa, ya ce a'a, aikin yarinyar nan ne. Kowa ya tashi da mutuncinsa. Sai na zauna ina jiran a mayar mini. Farfesa ya ɗan ɗaga gira, bai mayar ba, lauya ta rubuta, aka wuce tambaya ta gaba.

Da daftarin takardar ya fito, na karanta shi tun daga farko har ƙarshe, don ina son ganin yadda lauyoyi ke mayar da aikinmu yarensu. Ga tunanina nan a tsakiya, an yi masa ado da manyan kalmomi har na kusa kasa gane shi. Sunaye uku ne a sama, babu nawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na rasa wanda zan ji haushi.

Ranar Lahadi bayan coci na gaya wa ƙanwar mahaifina, wadda take aikin jinya, ta kuma fi ni daɗewa a ƙasar. Ta ajiye cokalin da take juya miya da shi.

"Ke, a office ɗin lawyer kika je yin kunya? Nan in kin ba mutum abu, thank you zai ce ya sa a aljihu. Gobe ki koma ki yi explaining."

"Goggo, ai sai ya ga kamar na ƙaryata shi."

"Kanki kika ƙaryata."

Washegari na ɗauki littafin na kai wa lauya, na gaya mata gaskiya. Ba ta yi faɗa ba. Ta duba kwanan watan da ke shafin da kuma rubutun hannuna, ta ce gara da na zo yanzu, domin takardar da aka ɓoye mai ƙirƙira a cikinta ana iya rushe ta a kotu. Ashe ladabina ya kusa jawo wa kowa asara. Ta ce sai mun je wurin farfesa tare.

Ya daɗe yana kallon shafin. Sannan ya cire tabarau ya ce, "Ranar da kika ce ni ne, na yi mamaki. Amma ban taɓa jin kin yi ƙarya ba, sai na koma ina neman yaushe na faɗa miki haka." Ya ɗago ya dube ni. "Har na tuna. Ina iya gaya miki inda muke tsaye."

Ya sa hannu aka ƙara sunana, ya kuma ba ni haƙuri. Amma abin ya ba ni tsoro, domin na ga da gaske yake tuna abin da bai taɓa faruwa ba. Da na ƙara wata guda ina jira, da ni ma na fara tuna shi yana gaya mini.