Likkafanin Da Ya Kai Mu Gaɓa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Talata, 14 ga Maris 2017, daidai da 15 ga Jimada Akhir 1438, jim kaɗan bayan sallar La'asar, Allah ya karɓi ran Malam Oumarou Saidou, mutumin Damagaram, direban tankar ruwa a nan Riyadh. Ya cika a ɗakinsa da ke bayan kasuwar Batha, a kan katifarsa, muna zaune a gefensa, bayan ciwon zuciya da ya daɗe yana fama da shi. An yi masa sutura ranar Asabar bayan Azahar.

Yaya Oumarou, ni ne Inuwa. Ka san ni ba marubuci ba ne. Karatuna a sakandaren Haɗeja ya tsaya, aikina tsaron sito a unguwar Malaz, abin da na iya kawai shi ne in zauna bayan Magariba in rubuta yadda yini ya wuce. Kai ne ma ka fi kowa yi min dariyar wannan ɗabi'a. Na fara wannan rubutu na soke ba sau ɗaya ba, domin abin da ya fi yawa a zuciyata ba kuka ba ne, ajiyar zuciya ce, kuma ban tabbata ko ya dace mai ta'aziyya ya faɗi haka ba. Amma kai ba ka son kwana-kwana, don haka zan faɗa yadda yake.

Ranar da na sauka Batha, baƙo, ban san ko kalmar Larabci ɗaya ta kasuwa ba, kai ka tsince ni a tashar bas ina riƙe da adireshin da babu wanda ya gane shi. Ba ka tambaye ni ɗan wane ne ni ba. Cewa ka yi, "Ka ci abinci?" A ɗakinka na kwana har iƙamata, wato takardar izinin zama, ta fito. Daga baya na ga ashe halinka ke nan. Leburorin gine-ginen Dir'iyya sun san ƙarar tankarka, domin duk sanda ka gama juye ruwa sai ka rage musu na alwala da na wanke fuska. Akwai wata magarya a bakin hanyar kwarin Hanifa da kake tsayawa ka ba ta bokiti guda, wai ta yi kama da ta ƙofar gidanku.

Kowa kuma ya san ƙunshin da ke bayan kujerarka. Farin yadi ne da ka saya shekarar da ka sauke farali, ka jiƙa shi da ruwan Zamzam, ka shanya shi a ranar Makka, ka naɗe a leda. Likkafaninka. Inda ka sa ƙafa yana nan. Kakan ce mai tafiya ba ya barin rigarsa a gida.

A sanyin 2015 likita ya ce ka ajiye tuƙi ka huta. Kafilinka, wato ubangidanka na aiki, mutumin kirki, ya ba ka hutu. Mun ɗauka gida za ka. Sai ka ce gida ka je bara, bana teku kake son gani, wai kunya ce mutum ya ƙare rayuwarsa yana jigilar ruwa bai taɓa ganin uwar ruwa ba sai ta tagar jirgin sama. Na yi ta kawo maka dalilai, ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda na saba. Ka saurare ni har na gama, sannan ka ce, "To ɗauki hutunka, tunda kai ne mai tsoro, sai ka tsare ni."

Jakunkunan goyo muka saya na gwanjo a Batha. Basiru tela, abokin wasanka, ya gan mu ya riƙe ciki. "Tsoho da furfura ya goya jakar 'yan firamare. Ina makarantar take, in kai ku?" Ka ce masa ya bari sai ya iya ɗinka wuyan riga tukuna.

Bas ta kai mu Jizan, can kudu a bakin Bahar Maliya. Daga nan muka kama ƙafa, ƙauye zuwa ƙauye, teku a hannu ɗaya, gonaki a ɗaya hannun. Ban manta fuskarka ba ranar da muka ɓullo kan gonar dawa. Dawa sosai, ta sunkuyar da kai, ga gero, ga riɗi, ga bukkoki masu tsinin kai irin namu. Ka tsaya ka cire hula. Ka ce, "Inuwa, wa ya kawo Damagaram bakin ruwa?"

Tun daga ranar ba mu nemi masauki ba. Duk gonar da muka ga ana girbi, sai ka yi sallama ka nemi wuƙa. Da fari sukan yi kallon-kallo, har su ga yadda kake yanke kan dawa kana jefawa baya ba tare da ka waiwaya ba. Kafin la'asar an shimfiɗa mana tabarma, an kawo gurasar dawa mai tsami da kifi gasasshe. Ni dai hannuna ya yi bororo tun rana ta farko, sai aka bar min korar tsuntsaye. Aikina na gaskiya shi ne miƙa maka ƙwayar magani a kan lokaci da sauraron numfashinka in muna hawa tudu. Kullum tambaya ɗaya ke cina: in ka faɗi a nan, ina zan nufa da kai?

Daga Jizan muka shiga babban jirgi zuwa tsibiran Farasan. A can muka haɗu da Kamil, masunci mai ƙaramin kwale-kwale mai inji, wanda ya yarda ya kai mu inda murjani yake. Ya ba mu gilashin rufe ido da ɗan bututun da ake cizawa a baki a shaƙi iska fuska na cikin ruwa. Ba ka iya iyo ba, ni ma haka. Kamil ya ɗaura maka igiya a ƙugu, ya ba ka jarka marar komai ka rungume. Ka shiga da dogon wandonka da singileti, ka yi bisimilla, ka kifa fuska.

Ka daɗe ba ka ɗago ba, har na fara jan igiya. Da ka ɗago, ruwa na zuba daga gemunka, ka tofar da bututun ka ce, "Ashe akwai wata gonar a ƙasa. An yi shuka, an yi noma, ba kowa sai mai ita." Na daure na leƙa ni ma. Na ga rassa ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, na ga kifaye kamar an yi musu zanen atamfa suna shiga suna fita ba ruwansu da mu. Ba ni da kalmomin da za su ɗauke shi. A littafina abin da na rubuta a ranar kawai shi ne: Subhanallah.

A kan hanyar komawa injin ya mutu. Kamil ya ja igiyarsa har hannunsa ya gaji, ya buɗe shi, ya rufe. Waya ba ta kamawa. Tsibirin yana ƙara ƙanƙancewa, domin ruwa na janmu waje, rana kuma ta karkata. Kamil ya ɗaga hannu ya ji iska, ya ce ita tana busawa wajen tudu, da yana da shira'i, wato babban ƙyallen da ake ɗaura wa jirgi iska ta tura shi, da mun isa. Nasa ya ruɓe tun da ya sayi inji. Akwai doguwar gora a cikin kwale-kwalen, akwai igiya, ƙyalle ne babu.

Sai na ga ka jawo jakarka, ka fito da ƙunshin likkafaninka. Da Kamil ya gane abin da kake warwarewa, ya ja da baya.

"A'uzu billahi. Wannan kafan ne, ya Hajji."

"Kafan ne," ka ce. "In muka nutse, wa zai naɗe ni a ciki? Kifi?"

Aka ninka yadin, aka ɗaure a gora, aka ɗaure ƙasansa a wani ƙarfe mai tsatsa a bakin kwale-kwalen. Iska ta cika shi. Ina zaune a ƙarƙashinsa ina salati, ina kallon likkafanin mutum ya kumbura a kaina, kai kuwa kana riƙe da igiyar kana tambayar Kamil yadda ake juya ta, kamar ɗan koyo a gareji. Kafin Magariba ƙasan kwale-kwalen ya gogi yashi.

Yadin ya fito da tabon tsatsa dogo kamar kamu guda, da wata yaga a gefe. Muka wanke, tabon ya ƙi fita. Yagar ka ɗinke da hannunka. Da muka dawo Riyadh na ce mu je Makka a sayi sabo. Ka ƙi. Ka ce wannan ya sha Zamzam, ya sha teku, ya san hanya. Sannan ka kama hannuna ka ce, "Amana, Inuwa. In ranar ta zo kana nan, a cikinsa nake so."

Na ce to, domin ban san nauyinta ba sai da ka tafi.

Kwanakin da aka yi ana jiran takardun kafil da na ofishin jakadanci da amincewar iyali, ban samu sukuni ba. Masallacin da ake wankan gawa a nan suna ba da likkafani sabo fil, fari tas, kyauta. Manyan jama'armu suka ce a yi amfani da shi. Basiru, idanunsa jajur, ya tare ni a ƙofar shagonsa.

"Inuwa, ka ji tsoron Allah. Mutum kamar Oumarou a tsumman jirgi? Larabawa su ce Hausawa sun kasa yi wa ɗan'uwansu sutura?"

Ni ma abin ya tsaya min. Na sake wanke yadin, na goge shi, na ɗaga shi a rana, tabon na nan. Na yi ta tunani: ko wasa kake yi ranar, ni na ɗauka da gaske? Ko ruwan teku ya wanke Zamzam ɗin? Ko in na nace, mai wanka ya ƙi, in jawo maka jayayya a kan makara? Na kira matarka, Hajiya Mariamou, a Damagaram. Ta ce, "Ai ya ba ni labarin yadin nan har na haddace. Abin da ya ce, shi za a yi, ƙanina." Haka na shiga ɗakin wankan ranar Asabar da ƙunshin a hammata, Basiru na biye da ni.

Mai wankan dattijo ne, marar yawan magana. Ya riga ya shimfiɗa nasu. Na miƙa masa naka, na ce wasiyya ce. Ya warware, ya tsaya a kan tabon, ya murza da yatsa, ya kai hanci.

"Jini ne?"

"Tsatsa ce, ya Shaikh."

"Tsatsa ba najasa ba ce. Me ya kai ta nan?"

Da guntun Larabcina na ba shi labari, Basiru na cike min inda na kasa. Da na gama, dattijon ya juya kan yadukan biyu. Ya naɗe nasu sabon ya mayar kan kanta, ya ɗauki almakashi ya auna naka. Ya isa, har da ragowa. Basiru ne ya karɓi almakashin daga hannunsa ya ce shi tela ne, a bar masa yankan. Ya yanka yana hawaye, kuma ban taɓa ganin ya yi yanka mai kyau irin wannan ba.

Yaya, a lokacin ne na ji wani dutse ya sauka daga ƙirjina. Tun ranar da muka goya jakunkunan nan nake tsoron kada ka mutu a hanya, ko a ruwa inda babu kabari. Ga shi ka cika a kan shimfiɗarka da kalmar shahada a bakinka. Sahu ya cika a sallarka, har da leburorin Dir'iyya da ƙurar siminti a ƙafafunsu. An saka ka a cikin abin da ka zaɓa. Ni ban san ko tafiyar nan ta rage maka kwana ba, na bar wannan tambayar ga wanda ya ƙidaya kwanakin. Na dai san a watanninka na ƙarshe, in numfashi ya yi maka wuya, gonar ƙarƙashin ruwa kake ba mu labari, har ka samu sauƙi.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Mariamou, da 'yarka Aïchatou da 'yan'uwanta, da dangi na Damagaram, da jama'armu ta Batha, da Basiru wanda ya rasa abokin faɗa. Allah ya ba mu haƙuri baki ɗaya, ya raya abin da ka bari.

Ya Allah, bawanka Oumarou ya shayar da bayinka da itatuwanka, ka shayar da shi daga tafkin Annabinka, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ka gafarta masa, ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Wannan farin yadi ya taɓa kai shi gaɓa lafiya da izininka. Ka sa wannan karon ma ya sauka lafiya. Amin.