Ƙidayar da Ta Tsallake 'Ya'yan Fari

Ana sallame sallar asuba muka bar Yamai, mu huɗu da direba, kowa rungume da tabilet ɗinsa kamar jariri. Jami'armu ce ta haɗa hannu da ƙungiyar iyaye ta wani ƙauye kudu da Tibiri. Iyayen suna son a buɗe musu ajin koyon ɗinki da gyaran sola. Masu ba da tallafi kuma sun ce sai sun gani a rubuce cewa matasan da ba sa makaranta, ba su da sana'a, sun isa su cika aji. In ba su kai ba, a kai ajin wani gari. Aikinmu ke nan, ƙirga. Ni na tsara tambayoyin, wata biyu ina gyara su, kuma ba zan ɓoye muku ba, ina ji da su.

Hanya lafiya lau har Doso. Daga nan ramuka suka fara gaishe mu, direba yana kauce wa ɗaya yana faɗa wa biyu, yana rantsuwa bara babu su. Da azahar muka hango dutsen nan ja, a miƙe saman gari, muka san mun iso Dogon Dutsi. Muka kai gaisuwa ofishin hukuma, aka buga mana hatimi, muka nemi abinci. Mai gashin zabi ya ji abokin aikina yana zuba Faransanci, nan take zabo ya ƙara tsada. Na gyara murya na kwaikwayi Arewanci, Hausar mutanen wurin, na ce masa mu ma 'yan gida ne. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce ko akuyar Matankari ta fi ni iyawa, amma ya rage mana, ya ƙara yaji.

Washegari muka komo Ƙore Mai Ruwa, muka saki kwalta muka yi kudu. An gama girbi, amalanken jakuna sai wucewa suke da dammunan hatsi, fadama kuma kore shar da rake da rogo. Bayan Tibiri rairayi ya riƙe motar. Masu digiri huɗu muka fito muna turi, wasu mata da suka dawo daga rijiya suna ba mu umarni. Da ta fita suka yi mana guɗa.

A ƙauyen an tarbe mu kamar mun dawo daga Makka. Kowane gida sai an kawo fura, kuma ba a mayar da ƙwarya cike. Kwana biyu muna bi ƙofa ƙofa. Babbar tambayata ga kowace uwa ita ce, “Faɗa mini sunayen 'ya'yan da kika haifa, daga babba zuwa ƙarami.” Suna faɗa, muna dannawa, ina jin daɗin yadda aikin ke gudu.

Da la'asar ɗin rana ta biyu na haɗa lissafi, sai gabana ya faɗi. Matasan ba su kai ba, kuma ba da kaɗan ba. A na'ura garin ƙananan yara ne zalla, alhali ga samari nan cike da bakin masallaci, ga 'yan mata a wurin daka. Na sake haɗawa, haka. Na juya kan mai Faransancin nan na ce shi ya ɓata mini aiki. Sai ya miƙo mini rake.

Da safe ina zaune a zauren da aka sauke mu, wata budurwa ta yi sallama. Sunanta Rabi, ƙuli-ƙuli take kaiwa kasuwar Geceme, kuma ita ce ta dami ƙungiyar iyaye da zancen keken ɗinki har suka rubuto mana.

“Madam, an ce wai ba mu kai ba?”

Na ce mata gaskiya, ba su kai ba.

“To ni kin rubuta ni?”

Na tambaye ta gidansu. Ta ce, “Gidan da kunka sha hura jiya da hantsi. Ni na kawo miki ƙwaryar da hannuna.”

Na buɗe gidan a tabilet. 'Ya'ya biyar, babbansu Sani. Babu Rabi. Na ce ai na ɗauka maƙwabciya ce.

Ta dafe baki tana dariya. “Madam, ni ta ɗiyar fari! Inna ba ta faɗin sunana ko da wuƙa ga wuya. Kuma wurin kakata nike kwana. Ita ma kun tambaye ta waɗanda ta haifa, ta lissafa muku su Baba masu furfura.”

Kunya ta rufe ni har tafin ƙafa. Ni Bahausa, na san uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna nata ne a gaban mutane, kuma sau da yawa kaka ke riƙonsa. Na san wannan tun ina yarinya. Amma da na zauna a ofis mai sanyi ina tsara tambaya, sai na bar sanin a bakin ƙofa tare da takalmi. Kuma 'ya'yan fari su ne manyan, su ne dai waɗanda muka zo nema. Uwa ta tsallake su don kunya, kaka ta tsallake su don ba ita ta haifa ba.

Na nemi gafarar mai rake. Sannan Rabi ta kai ni wurin shugaban ƙungiyar iyaye, wani dattijo mai sayar da taki. Ya saurara, ya shafa gemu, ya ce, “Wanga ba aikin uwaye na ba. A kirawo tsohhi.”

Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi gindin gawo, tsofaffin mata sun cika wurin. Ban taɓa yin bincike mai daɗin wannan ba. Tsakanin kaka da jika ai babu kunya, sai tsiya. Wata ta nuna wani ƙaton saurayi da sanda ta ce, “Rubuta mijina, Idi. Raggo na, bai kawo man ko goro ba bana.” Wurin ya ɗauki shewa. Wata ta ce a rubuta nata mijin sau biyu, don cin mutum biyu yake yi. Na ce na'ura ba ta yarda ba. Uwayen suna can nesa bakin danga, fuska a lulluɓe, wai ba su ji komai ba, amma kafaɗunsu na rawa. Kakar Rabi ta zo ta faɗi sunan jikarta da ƙarfi, har da na mahaifinta, ta ce in nuna mata inda ya shiga.

Muka bi kowane suna muka tabbatar da gidansu da shekarunsu, don kada murna ta sa mu ƙara abin da babu. Ba mu ƙara kowa ba. Da na haɗa, sun kai, har da saura. Na faɗa wa dattijon, ya faɗa wa tsofaffi, guɗa ta tashi. Ina kallon mahaifiyar Rabi. Ba ta dubi 'yarta ba ko sau ɗaya. Ta shiga gida ta fito da ƙwai na zabi cikin ƙwarya, ta ajiye a gabana, ta ce in kai wa yara.

Muka dawo Yamai da rake, da ƙuli-ƙuli, da ƙwan da muka yi ta kare su daga ramukan direba. Na miƙa rahoto, na kuma gyara tambayar: yanzu ana fara tambayar wa ke kwana a gidan, kuma ana neman kaka. Abin da na koyo shi ne, lissafi ba ya yin ƙarya, amma abin da aka faɗa masa kawai ya sani. Mutanen gari su suka san wanda ya kamata a tambaya.

Da na je gaishe da tawa mahaifiyar, muna cin tuwo, sai tsokana ta kama ni. Na ce, “Inna, lissafa mini 'ya'yanki.” Ta lissafa ƙannena shida, ɗaya bayan ɗaya, ta ci gaba da cin tuwonta. Na ce, “Shi ke nan?” Ta ce, “Ke, ci abinci.” Ba ta ɗago ta dube ni ba, ta sa yatsa ta turo babbar tsokar naman zuwa gefena.