Kwalbar da Na Kai Nguru

Da ciwon mara ya kwantar da Inna a Gashuwa, wani malamin asibiti a Nguru ya ce in kawo fitsarinta a auna tsaminsa. Yayata ce ta miƙo mini kwalbar, na bi babbar mota na kai. Ya tsoma 'yar takarda shuɗiya, ta koma ja. Ya ce, "Lafiyarta lau."

Sai bayan Inna ta rasu Yaya ta faɗa mini nata ta zuba. Wai ba za ta yarda wani ƙato ya ɗaga fitsarin uwarmu yana dubawa ba.

Ni kuwa da bakina na ce wa Inna ta daina raki, ai asibiti sun ce ba komai.