Ranar da Umaru Ya Kashe Wayarsa

A duk shekarun da na yi ina bibiyar marasa lafiya a Tambuwal, ranar da ba ta fita raina ita ce wadda na bi Umaru har Fakku. Ba sunansa na gaskiya ba ke nan, kun dai san ƙa'ida.

Ga sababbin cikinku, aikin mai bibiya shi ne, in mai ɗauke da cutar ƙanjamau bai zo karɓar magani ba, ka kira shi. In ba ka same shi ba, ka sanar da shugabar sashe, ka tafi wurinsa ba motar asibiti, ba rigar aiki.

Umaru manomi ne, yana taɓa sayar da hatsi. Asibitin garin Kebbe ya fi masa kusa, amma Tambuwal yake zuwa gudun idon sani. Matarsa kaɗai ta san halin da yake ciki. Bai taɓa saɓa rana ba sai a wata damina. Na yi ta kira, waya a kashe. Shugabarmu ta ce, "Malam Bello, hau babur."

A gonar gero na iske shi, idanunsa sun faɗa. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Malam, asirina ya tonu."

Ashe yakan karanta bayanin maganinsa a waya, yana kuma cikin wani zauren hira na masu irin lalurarsa. Can aka ba shi shawarar ya sa VPN, manhajar da ke lulluɓe abin da mutum yake dubawa da data. Ya sa, hankalinsa ya kwanta. Sai ran kasuwa ya je sayen data wurin Nasiru, ɗan baffansa mai rajistar layi. Nasiru ya ce masa gaban jama'a, "Yaya Umaru, bi ni sannu, dut abin da kaka yi cikin wayag ga ina gani nai."

Tun ranar ya kashe wayar. Maganinsa ya kusa ƙarewa, amma yana tsoron ko tafiyarsa Tambuwal ana gani. Har ya fara shirin barin gari.

Ni ma ban san ko Nasiru zai iya gani ba. Na kira jami'in bayanai na ofishinmu, na buɗe muryar wayar don Umaru ya ji, ban ambaci sunan kowa ba. Ya ce, "Kamfanin layi ya san yankin da wayarka take, da yawan datar da ka ci, da lambobin da ka kira. In VPN na kunne, ba ya ganin shafin da ka shiga. Masu VPN ɗin suna iya gani, don haka a nemi amintacce. Amma mai rajista a rumfar kasuwa? Da VPN ko babu, ba abin da yake gani, sai in an miƙa masa waya a buɗe."

Umaru ya ce bai taɓa miƙa masa ba. Duk da haka fuskarsa ba ta saki ba. "To mi ya sa yac ce hakanan?"

Na ce mu je rumfar Nasiru, ni zan shiga kamar baƙo mai sayen kati, shi ya zauna nesa kaɗan. Muna nan sai ga wani dattijo Bafulatani da 'yar ƙaramar waya mai madannai, wadda ko hoto ba ta ɗauka. Nasiru ya loda masa kati, ya kashe ido ya ce, "Baffa, bi ni sannu, dut abin da kaka yi cikin wayag ga ina gani nai."

Dattijon ya ce, "Madalla. Hwaɗa mini inda bijimina ya shiga, tun jiya nika biɗa tai."

Rumfa ta kwashe da dariya. Na waiga, na ga Umaru ya dafe kai yana dariya, hawaye na zuba. Mutane sun ɗauka maganar bijimi ce.

Washegari ya riga ni isa asibiti.

Abin da na koya shi ne, mutanenmu sun fi tsoron bakin jama'a a kan ciwon da ke jikinsu, kuma wasan da wani ya yi ya manta yana iya raba mutum da maganinsa. Shi ya sa yanzu, bayan na tambayi mara lafiya ci da barci, nakan ce ya nuna mini yadda yake kulle wayarsa, in kuma tambaye shi ko akwai maganar da wani ya faɗa da ta tsaya masa a rai.