Bencunan Metir Gambo

Kafin yaƙi, makarantar unguwarmu a nan Njamena ajujuwa uku gare ta, kuma babu yaron da ya taɓa zama a ƙasa. Na yi shekaru ina tuƙa babbar mota, na leƙa makarantu a Duwala, na leƙa a Umdurman, na ga na Kano, ban ga inda ake kula da benci kamar namu ba. Yau ku je ku duba: kowane yaro da bulonsa, littafi a gwiwa. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, ranar addu'ar bakwai ta Metir Gambo na ji wasu suna ta "Allah sarki, mutumin kirki!" alhali na san abin da kowannensu ya yi masa.

Kun dai san shi, malamin da ya riƙe makarantar nan, wanda muke kira Metir, wato malam da Faransanci. Guduma a aljihun hagu, a na dama kuma ƙusoshin da ya tsinta a hanya ya miƙe. Ba ya zama kan kujerar kowa sai ya girgiza ta. Ranar sunan 'yata Hadiza, liman yana tsakiyar addu'a, sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙwas! Metir ne ya kifa bencin da na aro.

"Haba Metir, a shafa fatiha mana!"

"Ku shafa, Direba. Bakina yana amin, hannun ne ke aiki."

Da yaƙi ya shigo gari, masu bindiga suka soma sauka a makarantu, suna fasa benci suna dafa shayi. Metir ya tara mu iyaye.

"Gini ba ya gudu," in ji shi. "Amma in aka yi lafiya, ajin da babu wurin zama rufe shi za a yi. Kowane gida ya ɗauki benci. Ajiya ce fa, ba kyauta ba. Tanko, kai nake kallo."

Tanko mahauci ya ce, "Ni me na yi?"

"Ba ka yi ba tukuna."

Sai Alhaji Sule mai kanti ya miƙe yana gyara babbar riga, ya ce shi yana da sito, a ba shi na aji ɗaya gaba ɗaya, ƙananan nan na masu shekara shida. Har tafi muka yi masa, wallahi!

Kafin a raba, Metir ya kwashe baƙin man motata ya shafe kowane benci, wai saboda gara. Ni da shi muka ɗauko na ƙarshe. A bakin titi wani mai bindiga ya tsare mu, ya ce da Larabci, "Sauke, tsoho, itace muke nema."

Metir ya sauke ba musu. "Bismillah. Sai dai maganin gara na shafa masa. Duk wanda ya sha shayin da aka dafa da shi, kwana uku ba zai ɗaura wando ba. Butoci nawa gare ku?"

Mutumin ya sunkuya ya sunsuna, ya yamutsa fuska. "Amshi, amshi!" Wato mu ɓace masa.

Da muka sha kwana na ce, "Metir, mai bindiga ka yi wa ƙarya?"

"Ni ma ban sani ba ko ƙarya ce. Ban taɓa gwadawa ba."

Da abin ya tsananta muka kwashi iyali muka haye kogi zuwa Kusuri ta Kamaru. Ya rako mu har bakin ruwa. Na ce ya shigo, akwai wuri.

"Kwalekwalen zai ɗauki benci?"

"Metir, mutane ma da ƙyar!"

"To, ku gaida Kamaru."

Nan ya zauna, yana zaga gidajen da muka kulle, yana leƙe ta saman katanga ko ajiyarsa tana nan.

Da ƙura ta lafa muka dawo, sai insifektan makarantu ya aiko cewa zai zo bayan mako biyu. Duk ajin da ya tarar da yara a ƙasa, zai haɗe shi da wata makaranta can unguwar Mursal. Wace uwa ce za ta tura ɗan shekara shida ya ratsa gari, ana nan ana jin harbi jefi-jefi? Hadiza kuwa shekarar ce za ta shiga aji ɗaya.

Nan Metir ya san mu. Masu harbi ba su taɓa benci ko ɗaya ba, mu ne muka cinye shi! Tanko ya kankare nasa tas yana saran nama a kai.

"Metir, ai ya lalace, dubi jini."

"Jini ba ya hana karatu. Ɗaga namanka."

Wannan ta ce surukarta ke kwana a kai, wancan ya rantse bai taɓa karɓa ba, yana zaune a kansa. Ɗaya bayan ɗaya Metir ya ƙwato su da masifa, har na aji biyu da na uku suka cika.

Saura Alhaji Sule. Ya marairaice fuska ya ce masu bindiga sun fasa sito sun ƙone su duka. Metir ya kewaye shi ya wuce. Ya shiga kanti, ya ture gwangwanayen tumatir, ya kafa hanci a jikin katakon da aka jera kaya a kai. Warin baƙin mai! Ashe Alhaji ya sa an yanyanka su an yi masa kantoci.

Washegari sai ga Metir da 'yan aji ɗaya a jere, ya zaunar da su a ƙofar kantin, babu ta inda mai saye zai bi.

"Yara, a gaida Alhaji. Shi ke riƙe mana da wurin zama."

"Bonjur Alhaji!"

"Metir, ka ji tsoron Allah, kana kashe min kasuwa!"

"Inda bencinsu yake, nan ne ajinsu. Yara, a, be, se!"

Kwana uku ana haka, muna tsaye muna dariya har da riƙe ciki. Dariyar ce kawai gudummawarmu. A rana ta huɗu Alhaji ya fusata, ya ɓalle katakon ya watso waje. Guntaye ne, ƙafafun kuwa tuni sun shiga murhu. Metir ya kwashe su ya kai makaranta, ya yini yana bugawa har ƙusoshinsa suka ƙare. Biyu kacal suka tsaya.

Kowannenmu yana da tsohuwar ƙofa ko falanki jingine a gida. Babu wanda ya kai. Har da ni: na ce sai na dawo daga Duwala. Kafin in dawo insifekta ya zo, ya ƙirga, ya rubuta abin da ya gani. A Umdurman na ga unguwa guda ta fito da zarto saboda aji ɗaya. Mu kuwa, da muke alfaharin kakanninmu sun tako ƙasa daga Hausa za su Makka, mun kasa taka lungu biyu da katako a ka.

Ya Allah, ka san hannun nan da bai huta ba saboda 'ya'yan wasu. Ka yalwata masa kabarinsa, ka hutar da shi, mu kuma ka yafe mana.

Hadiza ba ta je Mursal ba, ita da yawancin sa'o'inta. Yau tana da jikoki, kuma takardar asibiti sai ta nemi mai karanta mata. Ajin nan ba a sake buɗe shi ba.