Wutar da Ta Kori Gwaggo Hassi

Ranar jajibirin babbar Sallah, shekarar da lantarki ya iso unguwarmu a Magarya, Baba ya kafa doguwar fitilar neyon a ɗakin da muke cin tuwo. Muka watsar da wasan carafke, muka tsaya baki buɗe. Makunninta na murɗawa ne kamar na ƙarar rediyo, tsarabar wani abokinsa daga Kano, wai yana rage haske. Baba kam bai taɓa ragewa ba, so yake har maƙwabta su san ya ja wuta.

Gwaggo Hassi, yayar Baba, ta dawo wurinmu daga Dogo-Dogo bayan rasuwar mijinta. Ita ke yi mini kitso, ita ke soya mana gyaɗa in mun taso daga lakwal, wato makarantar boko. Idanunta sun yi rauni, farin haske na sa su ruwa, saboda haka da magariba sai ta lallaɓa ta murɗe makunnin ƙasa. Nan take neyon ya hau ƙiftawa, yana ƙugi kamar zuma, can ya mutu. Ba a daɗe ba bakinsa biyu suka yi baƙi. Aka sako sabo, shi ma haka.

Ba wanda ya zargi makunni. Maƙwabta suka fara raɗa a kan Gwaggo: "Wuta ma ta san mayya." Yara suka daina karɓar gyaɗarta. Da zazzaɓi ya kwantar da ƙanena, Baba ya tsaya tsakar gida, a gaban kowa, ya ce Gwaggo ta tattara ta koma Dogo-Dogo. "Isa, ni haske ne ya yi mini yawa," ta ce wa Baba. Ko kallonta bai yi ba. Aka ɗora ta a amalanken jaki, kitsona rabi a tsefe. Har yau ban huce ba.

Sai a kolej malamin kimiyya ya warware mini. Ƙwan fitila mai zare, in an rage masa wuta, dushewa kawai yake yi. Neyon kuwa iska ce a cikinsa, ba ta kamawa sai wuta ta zo da ƙarfinta. Makunnin yana daddatse wutar, sai ta riƙa kamawa tana saki. A lokacin Gwaggo ta riga ta rasu, da sunan mayya a kanta.

Yanzu ko a kasuwar Dungas fitilar sola ce birjik, ka danna ta dushe salin alin. Ina da ɗaya, kuma duk na rage ta sai na tuna Gwaggo. Iyakar abin da take so ke nan.