Saidou Mai Gyaran Talabijin Mai Ƙeya

Shekara ashirin da biyu Saidou ya yi yana gyaran talabijin a unguwar Ulaisha ta birnin Riyad, a wani shago da bai fi ɗakin girki ba. Mutumin Tasawa ne, ta wajen Maraɗi. A lokacin talabijin mai ƙeya ce a kowane gida, irin wadda sai ƙarti biyu sun kama kafin ta hau mota. Larabawa da 'yan Sudan da 'yan Yaman duk shi suke kawo wa. Sai ga filasma ta shigo, siririya kamar faranti, wadda in ta lalace jefarwa ake yi a sayi wata. Cikin 'yan shekaru Saidou ya rufe shago.

Ni a masana'antar kwali na san shi, can Birnin Masana'antu na Biyu, yana shara yana dafa wa ofis shayi. Abin yana ɓata min rai ƙwarai. Shi kuwa ko a jikinsa, don burinsa ɗaya ne: 'yarsa Hajar ta gama sakandare a Riyad, inda aka haife ta. Hausarta ma sai a hankali, balle Faransanci. In aka mayar da ita Nijar, karatu ya mutu ke nan.

Saura mata shekara ɗaya manaja ya kira shi, ya ce ya tsufa, ba za a sabunta masa iƙama ba, wato takardar izinin zama. Wata guda ya rage masa a ƙasar.

A cikin watan nan allon babban injin yanka kwali ya ɗauke. Injin ya girmi rabin ma'aikata, allonsa mai ƙeya ne, da koren rubutu. Ba allo, ba yadda za a sa masa awo, aiki ya tsaya cak. Injiniyoyi suka jona masa filasma, ta yi musu shiru. Suka ce sai an yo oda daga Turai, wata uku.

Saidou ya ajiye tiren shayi ya ce, "Ya mudir, a ba ni awa ɗaya da shi."

Aka yi dariya. Manaja ya ce, "Yalla, ai ya riga ya mutu. Me za ka ƙara masa?"

Ya kwance murfin, ya cusa hannun hagu a aljihu, yana aiki da dama kaɗai. Shakir, babban injiniya, ya taɓe baki ya ce, "Ku dubi mai shayi, hannu a aljihu sai ka ce shi ne kafil, ubangidanmu duka."

Saidou ko kai bai ɗago ba ya ce, "Kwalbar nan tana riƙe wuta ko an kashe ta. In ka sa hannu biyu, ta zuciyarka za ta bi."

Shakir ya ja da baya har da tuntuɓe. Na ji daɗin wannan, ba zan ɓoye ba.

Saidou ya sauke wutar da sukundireba, ta yi tas. Ya duba ciki, ya sa aka kunna, ya kasa kunne, yana bin allon wayoyin da ƙwanƙwasa a hankali da ƙotar sukundireba. Da ya zo wani guri, koren layi ya gifta ya ɓace. Dalma ce ta tsage saboda zafi da jijjigar shekaru. Ya narka sabuwa a guri huɗu, ya ce a sake kunnawa.

Rubutu ya dawo tar. Kafin la'asar injin yana ta aman kwali.

Manaja ya tuna yana da irin allon nan a injuna uku. Ya ce, "Wa kuma ya iya wannan a Riyad?"

"Mu biyar na sani," in ji Saidou. "Uku sun koma gida, ɗaya ya rasu."

Manaja ya juya ga mai kula da takardun ma'aikata ya ce, "A sabunta masa yau. A canza sana'ar kuma, a rubuta mai gyara."

Bayan an tashi na same shi a bayan sito yana waya. Ya ce, "Hajar, ki ce wa mamanki ta kwance kayan nan da ta ɗaure." Daga nan ya miƙo min wayar in ƙarasa mata bayani.